Yadda Gaɓoɓin Jiki Suke Aiki, da Yadda Ake Kula da Su

Duk wanda yake son ganin yadda gaɓar jikinsa take, ya samo ɗanyar ƙafar rago ko ta saniya daga wurin mahauci, ya sa wuƙa ya buɗe mahaɗin gwiwa a hankali. Ginin gaɓar dabbar da na mutum kusan ɗaya ne. Abin da wuƙa za ta fara cin karo da shi wata jaka ce mai tauri da ta lulluɓe mahaɗin gaba ɗaya. Da an huda ta, wani ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa zai ɗan tsattsafo. A ciki kuma za a ga kan ƙasusuwan biyu fari fat, da santsi da sheƙi. Wannan farin shi ne guringuntsi. A gefe da gefe akwai wasu fararen igiyoyi da suka ɗaure ƙashi da ƙashi, waɗanda ko an ja su da ƙarfi ba sa miƙewa. Jaka, ruwa, guringuntsi da igiyoyin ɗauri: waɗannan huɗu su ne kayan aikin kowace gaɓa mai motsi, daga ta ɗan yatsa har ta kwatangwalo.

Kafin a ci gaba sai an warware wani ruɗani. Bahaushe yana kiran abubuwa huɗu daban-daban da suna ɗaya, wato jijiya. Akwai jijiyar jini. Akwai jijiyar saƙo, wadda take fitowa daga laka tana kai umarni ga tsoka tana kuma dawo da labarin zafi. Akwai jijiyar ɗauri, mai haɗa ƙashi da ƙashi. Sannan akwai wadda take haɗa tsoka da ƙashi, irin agarar da ke bayan diddige. Idan mutum ya ce wa likita "jijiya ce take damuna", bai faɗi komai ba tukuna, sai ya nuna wurin da yatsa ya kuma faɗi irin motsin da ke tayar da ciwon. A nan za mu kira mai haɗa ƙashi da ƙashi jijiyar ɗauri, mai haɗa tsoka da ƙashi kuma agara, ko a ina take a jiki.

Guringuntsi da abincinsa

Kaurin guringuntsin gwiwa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba a yawancin wurare, amma shi yake ɗaukar nauyin mutum shekara da shekaru. Kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari nasa ruwa ne. Ba shi da jijiyar jini, ba shi da jijiyar saƙo. Rashin jijiyar saƙo ne ya sa ƙasusuwa suke gogar juna dubban lokuta a wuni ba a jin komai, shi ne kuma ya sa guringuntsi yake iya daɗewa yana cinyewa mai shi bai sani ba, sai lalacewar ta kai ga ƙashin da ke ƙarƙashi ko ta tayar da kumburi a jakar gaɓa.

Rashin jijiyar jini ya fi muhimmanci ga wanda yake son kula da kansa. Tun da jini ba ya kai masa abinci, daga ruwan gaɓa yake ci, kuma yadda soso yake shan ruwa haka yake yi: idan an taka ƙafa nauyi ya matse shi, gurɓataccen ruwa ya fita, idan an ɗaga ƙafa ya saki, ya tsotsi sabon ruwa mai abinci. Gaɓar da ba a motsa ta tana zaune da yunwa ke nan. Shi ya sa hannun da aka ɗaure makonni shida yake fitowa a sandare, shi ya sa kuma tsohon da ya daina fita don gwiwa tana ciwo yake ganin ciwon yana ƙaruwa maimakon ya ragu.

Ruwan kansa ɗan kaɗan ne. A lafiyayyar gwiwa bai cika cokalin shayi ɗaya ba. Wani siririn tantani da ya shimfiɗu a cikin jakar gaɓa ne yake samar da shi. Idan gwiwa ta kumbura ta cika da ruwa, tantanin ne ya fusata saboda rauni ko cuta ya riƙa zubo ruwa fiye da ƙima. Zuƙe ruwan da sirinji yana rage nauyi, amma matuƙar ba a magance abin da ya fusata tantanin ba, ruwan zai dawo.

Ba duk gaɓa ce take motsi iri ɗaya ba

Baligi yana da ƙasusuwa 206. Wasu mahaɗansu ba sa motsi ko kaɗan, kamar na ƙoƙon kai, waɗanda suke a buɗe lokacin haihuwa don kan jariri ya iya wucewa. Maɗigar gaba takan rufe tsakanin wata 12 zuwa 18. Wasu suna motsi kaɗan-kaɗan, kamar na ƙashin baya: ƙasusuwa 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a kwankwaso, da faifan guringuntsi 23 a tsakaninsu. Kowane faifai ɗan motsi yake bayarwa, sai an tara su duka ake samun sunkuyo.

Masu motsi sosai kuma siffar kan ƙashi ce take yanke musu iyaka. Gwiwar hannu da gaɓoɓin yatsu suna buɗewa da rufewa ne kawai kamar ƙyauren ƙofa. Mahaɗin ƙashin wuya na farko da na biyu juyawa yake yi, shi ne ke ba da kusan rabin waiwayen da mutum yake yi dama da hagu. Gindin babban yatsan hannu kamar mahayi ne a kan sirdi, yana gaba da baya yana gefe da gefe, kuma da shi ake riƙe allura da alƙalami. Kafaɗa da kwatangwalo dunƙulen kan ƙashi ne a cikin ƙoƙo, suna juyawa ta kowace fuska.

Tsakanin waɗannan biyu na ƙarshe akwai darasi. Ƙoƙon kwatangwalo mai zurfi ne, ya haɗiye kan ƙashin cinya, don haka sai da hatsari mai ƙarfi irin na mota yake gocewa. Ƙoƙon kafaɗa kuwa faranti ne marar zurfi, bai rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na kan ƙashin damtse ba. Wannan ne ya ba hannu damar kaiwa ko'ina, wannan ne kuma ya sa kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa saurin gocewa. Abin da ke riƙe da ita wasu tsokoki ne guda huɗu da suka taso daga allon kafaɗa suka rungume kan ƙashin.

Tsoka ce take tuƙa gaɓa

Gaɓa ba ta motsa kanta. Tsoka ce take ja, kuma ja kaɗai ta iya, ba ta turawa. Saboda haka kowace gaɓa tana da tsokoki biyu masu adawa: ta gaban damtse tana lanƙwasa gwiwar hannu, ta baya tana miƙe ta, ta gaban cinya tana miƙe gwiwa, ta baya tana lanƙwasa ta.

A duba lissafin nan. Agarar tsokar gaban damtse tana manne da ƙashi kimanin santimita 4 zuwa 5 daga gwiwar hannu, tafin hannu kuma yana da nisan kusan santimita 35. Don haka idan ka riƙe bokiti mai nauyin kilo 5 hannunka a lanƙwashe, tsokar tana jan abin da ya kai kilo 35 zuwa 44, kuma gaɓar ce take shan matsin. Duk yadda kaya ya yi nisa da jiki, haka nauyinsa yake ninkuwa a kan gaɓa. Jarka mai lita 25 cike da ruwa nauyinta kilo 25 ne, amma wanda ya sunkuya ƙafafunsa a miƙe ya finciko ta daga nesa ya ɗora wa faifan kwankwasonsa ninki da yawa na hakan. Yadda ake ɗauka shi ne a matso har kayan ya kusa taɓa ƙwauri, a buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, a lanƙwasa gwiwa da kwatangwalo, a rungumo kayan jikin ciki, sannan a miƙe da ƙarfin cinya. Idan za a juya, a juya da ƙafa, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu.

Gwiwa ma haka take. A tafiya ta yau da kullum tana ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki a kowane taku, a matakalar bene ya fi haka, a tsuguno mai zurfi kuwa matsin da ke bayan ƙoƙon gwiwa yana iya kaiwa ninki bakwai. Daga nan ake gane amfanin rage ƙiba: kilo ɗaya da ya sauka daga jiki yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Mai ƙiba da ya rage kilo 5 kacal yakan ji bambanci.

Gwiwa a kusa

Gwiwa ce ta fi kowace gaɓa girma, kuma ita ce aka fi kawo ƙararta. Kan ƙashin cinya mai lanƙwasa ne, kan ƙashin ƙwauri kuma kusan shimfiɗe yake, don haka ba su dace da juna ba. Abin da ya daidaita su wasu guringuntsi ne guda biyu masu siffar jinjirin wata, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, suna aikin gammo: suna baza nauyi don kada ya taru wuri ɗaya. Bakin waje na kowane gammo, wajen kashi ɗaya cikin uku, shi kaɗai yake samun jini. Yagewar da ta faru a nan tana iya warkewa ko a ɗinke ta. Wadda ta faru can ciki da wuya ta haɗe. Alamarta ciwo daidai layin mahaɗin, kumburin da ke zuwa a hankali washegari, wani lokaci kuma gwiwa ta maƙale ta ƙi miƙewa.

Jijiyoyin ɗaurinta manya guda huɗu ne. Biyu suna gefe, suna hana ta karkata ciki ko waje. Biyu suna tsakiya sun gitta juna, suna hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko baya. Ta gaban cikin masu gittawar ita ce 'yan ƙwallo suke tsinkewa: ƙafa tana kafe a ƙasa, jiki ya juya, a ji ƙas, gwiwa ta kumbura cikin awa ɗaya ko biyu domin jini ne ya taru a ciki. Saurin kumburin nan alama ce da ba a wasa da ita. Bayan kumburin ya sauka mutum yana iya tafiya, amma sai ya ji gwiwar tana kuɓuce masa idan ya zo juyawa.

Lafiyayyar gwiwa tana miƙewa sambal, tana lanƙwashewa zuwa digiri 135 ko sama. Tafiya tana bukatar kusan digiri 60, tashi daga kujera kusan 90, amma zaman tahiya da tsugunon masai suna neman 150 ko fiye. Wannan ya sa da yawa daga masu ciwon gwiwa a wajen sallah da ban-ɗaki suke fara gane matsalar, tun tafiya ba ta gagare su ba. Wanda gwiwarsa ta riga ta cinye, tilasta mata zama a ƙasa ba jarumta ba ce. Addini ya yi rangwamen sallah a zaune, kuma kujerar ban-ɗaki mai tsayi tana sauƙaƙa rayuwa ƙwarai.

Gwajin da mutum zai yi wa kansa

A riƙa kwatanta dama da hagu, domin ɗayan ɓangaren shi ne ma'auni. Kwanta rigingine ka miƙe ƙafafu: bayan gwiwoyin biyu ya kamata ya taɓa shimfiɗa. Jawo diddige zuwa ɗuwawu ka ga ko ɗaya ta tsaya kafin ɗaya. Ɗaga hannuwa biyu sama har damtse ya kai kunne, sannan ka kai hannu baya ka ga inda babban yatsa ya tsaya a gadon baya. Zauna a kujera marar hannu, ka harɗe hannuwa a ƙirji, ka tashi ka zauna sau biyar a jere. Idan sai ka dafa, ko ya ɗauke ka fiye da daƙiƙa 15, tsokar cinya ta yi rauni. Tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango. Wanda bai manyanta ba ya kamata ya kai daƙiƙa 30.

Ƙara a gaɓa ba tare da ciwo ko kumburi ba yawanci ba komai ba ce. Ƙas ɗin da ake ji idan an ja yatsa kumfar iska ce a cikin ruwan gaɓa, shi ya sa sai bayan kamar minti 20 ake iya maimaitawa. Ba a samu hujjar cewa yana jawo amosanin gaɓɓai ba. Wani likita a Amurka, Donald Unger, ya shafe kimanin shekara 60 yana ƙasa yatsun hannunsa na hagu kaɗai ya bar na dama, bai kuma ga bambanci tsakaninsu ba.

Ƙarfafa tsokar da ke tsaron gaɓa

Babu maganin da ya kai wannan amfani ga gwiwar da ta fara cinyewa, sai dai yana son haƙuri: makonni shida zuwa goma sha biyu kafin a ga sakamako. A yi sau uku a mako aƙalla.

1. Zauna a ƙasa ƙafa a miƙe, ka sa naɗaɗɗen tawul a ƙarƙashin gwiwa, ka danna shi ƙasa har tsokar cinya ta yi tauri. Riƙe daƙiƙa 5, ka saki. Sau 10.
2. Kwanta rigingine, ƙafa ɗaya a lanƙwashe, ɗayar a miƙe. Ɗaga miƙaƙƙiyar zuwa tsayin ɗayar gwiwar, ka sauke a hankali. Sau 10, zagaye biyu ko uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin gwiwa ta ɗan lanƙwashe, sai aikin ya bar tsokar da ake nufi.
3. A kwancen, gwiwoyi biyu a lanƙwashe, ɗaga ɗuwawu sama har cinya da ciki su daidaita. Wannan na kwatangwalo da kwankwaso ne.
4. Tashi da zama daga kujera sau 10, saukar ta zama a hankali, kada a faɗa. Gwiwa ta riƙa kallon inda yatsun ƙafa suke kallo, kada ta karkato ciki.
5. Dafa bango ka tashi a kan yatsun ƙafa sau 15.

Ga kafaɗar da ta sandare, a sunkuya a dafa tebur da lafiyayyen hannu, a saki mai ciwon yana lilo yana zagaye na minti ɗaya ko biyu, daga baya a fuskanci bango a riƙa hawa da yatsu sama kaɗan-kaɗan. Masu ciwon sukari sun fi kowa gamuwa da wannan sandarewa, kuma takan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin ta saki.

Ma'aunin ciwo shi ne: ɗan zafin da ake iya jurewa lokacin motsa jiki, wanda ya lafa kafin washegari, ba laifi. Idan gaɓa ta kwana ta kumbura ko ciwon ya wuce awa 24, an yi yawa. A rage adadi zuwa rabi, kada a daina. A haɗa da tafiya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako na irin wannan motsi, wato minti 30 sau biyar. Keke ma yana da kyau ga gwiwa in an ɗaga sirdinsa yadda ƙafa za ta kusa miƙewa a ƙasan feda.

Mai dogara sanda ya riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba ɓangaren ƙafar da ke ciwo ba. Mutane da yawa suna yin akasin haka. Tsayinta ya tsaya daidai wuyan hannu idan an saki hannu a tsaye. A matakala, lafiyayyar ƙafa ce take fara hawa, mai ciwo ce take fara sauka.

Idan an yi targaɗe

Targaɗe miƙewa ne ko yagewar jijiyar ɗauri. A idon sawu aka fi yin sa, kuma galibi tafin ƙafa ne yake turguɗewa ciki, jijiyoyin gefen waje su ji rauni. A kwana biyu zuwa ukun farko, a rage taka ƙafar, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20 duk bayan awa biyu ko uku, a naɗa bandeji mai talewa daga yatsu zuwa sama, a ɗora ƙafar a kan matashi ta fi ƙirji tsayi. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye. Ledar ruwan sanyi ma tana yi. A wannan lokaci ruwan zafi, murza da man zafi da jan ƙafa duk ƙara zubar jini suke yi a ciki, kumburi ya ƙaru. Gashi da ɗumi sai bayan kumburi ya fara sauka.

Daga nan a fara motsi da wuri: a riƙa zana haruffa a iska da babban yatsa, a taka gwargwadon iko, bayan mako ɗaya ko biyu a fara tsayuwa da ƙafa ɗaya. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ake tsallakewa, alhali jijiyar ɗauri tana ɗauke da ƙananan jijiyoyin saƙo masu gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙafa take. In ba a sake horar da su ba, ƙafar za ta yi ta turguɗewa. Ƙaramin targaɗe yana warkewa cikin mako ɗaya zuwa uku, matsakaici har zuwa shida, babba kuwa watanni.

A je a ɗauki hoton ƙashi idan mutum ya kasa yin taku huɗu, ko yana jin zafi sosai in an danna ƙashin idon sawu ta gefensa na baya, ko ƙashin da ya ɗan turo a tsakiyar gefen ƙafa na waje.

Gocewar ƙashi kuma wani abu ne daban. Siffar gaɓar tana canjawa, ba ta motsuwa. A tallafe ta yadda aka same ta, kada a ba mutum abinci ko ruwa don wataƙila za a sa shi barci, a kai shi asibiti a ranar. Jan kafaɗa ko gwiwar hannu da ƙarfi ba hoto yana iya karya ƙashi ko ya ji wa jijiyar saƙo rauni. Game da ɗori, haɗarin da likitocin ƙashi a wurare irin asibitin ƙashi na Dala a Kano suka sani sarai shi ne ɗaurin kara mai tsanani a kan gaɓar da take kan kumbura: jini ya kasa wucewa, tsoka ta mutu cikin awoyi, wani lokaci ya kai ga yanke hannu ko ƙafa. Ko wane ne ya yi ɗauri, ko filastar asibiti ce, idan zafi yana ta ƙaruwa, yatsu suka yi sanyi, suka canja launi ko suka mutu, a sassauta nan take a tafi asibiti. Karayar da ta shiga cikin gaɓa kuma sai an mayar da fuskar guringuntsi daidai, abin da hannu ba ya iya ji daga waje.

Iyaye da 'yan raino su lura: fizgar yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ta hannu ɗaya, ko lilo da shi ta hannuwa, yana zamar da wani ƙashi a gwiwar hannu. Yaron sai ya saki hannun ya ƙi amfani da shi. Ma'aikacin lafiya da ya iya yana mayar da shi cikin daƙiƙoƙi. A ɗauki yaro ta hammata.

Rarrabe ciwon gaɓoɓi

"Sanyin ƙashi" suna ne da ake jibga wa cututtuka da yawa waɗanda maganinsu ya sha bamban. Cinyewar guringuntsi ta shekaru tana kama gwiwa, kwatangwalo da ƙarshen yatsu. Ciwon yana ƙaruwa da aiki, sandarewar safe ba ta wuce minti 30. Akwai kuma wanda garkuwar jiki ce take afka wa tantanin gaɓa: yana kama ƙananan gaɓoɓin hannuwa biyu lokaci ɗaya, sandarewar safe ta kai awa ɗaya ko fiye, ya fi kama mata ninki biyu zuwa uku. Wannan yana da magungunan da ke tsayar da shi, amma sai an fara su a watannin farko kafin yatsu su karkace. Wani kuma gishirin sinadarin yurik ne yake taruwa a gaɓa, ya tashi mutum cikin dare da babban yatsan ƙafa ja zur, ko mayafi ba ya so ya taɓa shi. Yawan jan nama, kayan ciki, giya da lemon kwalba suna tayar da shi.

Waɗannan kuwa ba a kwana da su a gida:

Gaɓa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, mutum ba ya yarda a motsa ta. Ƙwayar cuta ce wataƙila ta shiga, kuma mugunya tana narkar da guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Yaro mai shekara 5 zuwa 15 da ciwo yake yawo daga gaɓa zuwa gaɓa makonni biyu ko uku bayan ciwon maƙogwaro: a duba zuciyarsa. Ciwon baya mai daɗewa tare da rama, zufar dare ko ƙusumbi da ya fara fitowa: tarin fuka yana kama ƙashin baya. Ciwon kwankwaso tare da mutuwar ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida. Mai sikila da ya fara ɗingishi yana jin ciwo a matsematsi: jini yana iya yankewa daga kan ƙashin cinya ya mutu, kuma gano shi da wuri ne ke ceton gaɓar. Yaron da yake ɗingishi yana kukan gwiwa alhali gwiwar lafiya lau, a duba kwatangwalonsa, domin jijiyar saƙo ɗaya ce take bi ta wuraren biyu.

Ƙafar gwame ko ta baka da ke ƙaruwa bayan shekara biyu zuwa uku, tare da kaurin wuyan hannu, alamar laushin ƙashi ce. Binciken da aka yi a Jos ya nuna cewa a yaran Najeriya ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci shi ne babban dalili. Nono, madara, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, zogale da kuka duk suna da shi.

Magunguna

Farasitamol shi ne na farko, kuma baligi kada ya wuce giram 4 a wuni. Ibuprofen da diclofenac suna rage kumburi, amma shan su kullum yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana hawar da jini. Mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai ciki su nisance su sai da izinin likita, kuma ba a haɗa biyu daga cikinsu. Na shafawa ya fi sauƙin illa ga gwiwa da yatsu. Abin da ya fi ɓarna shi ne haɗin ƙwayoyi da ake ƙulla wa mutane a leda ba suna, wanda sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone, magunguna masu ƙarfi na danne kumburi, a ciki. Ciwo yana ɗaukewa kamar an cire ƙaya, amma bayan watanni fuska ta kumbura, sukari ya hau, ƙashi ya yi laushi, kan ƙashin cinya ma yana iya mutuwa. Wanda ya daɗe yana sha kada ya daina farat ɗaya, domin jiki yana samar da irin wannan sinadari da kansa, kuma ya riga ya rage samar da nasa. Likita ne zai riƙa rage masa a hankali.

Idan guringuntsi ya ƙare har ƙashi yana gogar ƙashi, ciwo yana hana barci, motsa jiki da magani sun gaza, saura aikin sauya gaɓa da ta ƙarfe da roba. Likitan Ingila John Charnley ne ya daidaita wannan aiki a kwatangwalo a farkon shekarun 1960, kuma yawancin gaɓoɓin da ake sawa yanzu suna kai shekara 15 zuwa 20 ko fiye. Ana tayar da majinyaci ya taka a ranar aikin ko washegari, sannan ya shiga hannun likitan gashi na makonni. Wanda ya shiga tiyata da ƙarfin cinyarsa ya fi saurin ajiye sanda, don haka atisayen nan biyar na sama ana fara su tun ana jiran ranar aiki.